Babi na Bakwai: Haidrojel da Isar da Sinadaran Girma Zuwa Guringuntsin Gaɓa

Guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwa a cikin gaɓoɓi irin su gwiwa da ƙugu da idon sawu shimfiɗa ce mai santsi wadda kaurinta a jikin baligi bai cika wuce milimita 2 zuwa 4 ba, amma ita ce ke ɗaukar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku a duk takun da mutum ya yi, kuma tana yin wannan aiki shekara da shekaru ba tare da ƙashi ya gogi ɗan'uwansa ba. Kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari na wannan shimfiɗa ruwa ne, sauran kuwa saƙa ce ta zaren furotin da ake kira kolajin nau'i na biyu, wadda aka cusa wa wasu manyan sinadarai masu tsananin jan ruwa, mafi yawansu wanda ake kira agirekan. Idan nauyi ya sauka a kan gaɓa ruwan yana matsewa ya fita a hankali, idan nauyin ya ɗaga ya koma, kuma ta wannan shiga da fita ne abinci yake isa ga ƙwayoyin halittar da ke zaune a ciki, waɗanda masana ke kira kondirosait. Waɗannan ƙwayoyi ba su kai kashi 5 cikin ɗari na girman guringuntsi ba, kowace tana kulle a cikin ɗan gurbinta, ba ta iya tashi ta nufi inda aka sami rauni.

Guringuntsin gaɓa ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, kuma a nan matsalar take. A fata ko a ƙashi, jinin da ya zuba a wurin rauni shi ne ke daskarewa ya zama shimfiɗar farko ta gyara, shi ne kuma ke kawo ƙwayoyin da za su yi aikin tare da sinadaran da za su umarce su. Guringuntsi kuwa idan ya tsage ko ya ɓantare babu abin da ke zuwa masa, sai ramin ya zauna yadda yake, gefunansa su ci gaba da zaizayewa. Tun a 1743 likitan nan ɗan Sukotilan, William Hunter, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan cewa guringuntsin da ya lalace ba ya dawowa, kuma sama da shekara 280 bayan haka likitocin ƙashi ba su sami hujjar da za ta rushe maganarsa gaba ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da ciwon zaizayewar gaɓoɓi, kuma miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa ciwon yake.

Ɗaya daga cikin dabarun farko da likitocin tiyata suka yi ita ce su aro jinin da guringuntsi ya rasa daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa. A 1959 Kenneth Pridie na birnin Biristol a Ingila ya bayyana yadda ake huda ƙashin domin jini da ɓargo su tsattsafo su cika ramin, daga baya kuma, a shekarun 1980, Richard Steadman na jihar Kolorado a Amurka ya gyara dabarar ta zama 'yan ƙananan huji da ake yi da tsinke ta cikin madubin tiyata. Ramin yana cika, sai dai abin da ke cika shi ba guringuntsin asali ba ne, wani nama ne mai kama da tabo wanda kolajin nau'i na ɗaya ya fi yawa a cikinsa, kuma sau da yawa yakan fara sarewa bayan 'yan shekaru. A 1994 Mats Brittberg da Lars Peterson da abokan aikinsu a Gotenbog ta ƙasar Suwidin suka wallafa sakamakon wata hanya dabam da suka gwada a kan majinyata 23, inda ake ɗebo ƙwayoyin guringuntsin mai ciwon, a raina su a ɗakin gwaji har su yawaita, sannan a mayar masa da su. Hanyar tana aiki ga waɗanda suka dace da ita, amma tana buƙatar tiyata biyu da kuɗi mai yawa, ga shi kuma ƙwayoyin sukan manta sana'arsu idan suka daɗe a faifan gwaji, su koma ƙera kolajin irin na tabo.

Wannan mantuwa ce ta karkato hankalin masu bincike zuwa ga sinadaran girma, wato ƙananan furotin da ƙwayoyin halitta ke aika wa juna domin umarni: wannan ta rabu biyu, waccan ta taso, wata ta zama ƙashi, wata ta zama guringuntsi. Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen ne suka gano na farko-farkonsu, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1986. A 1965 Marshall Urist na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjelis ya nuna cewa idan aka cire wa ƙashi ma'adinansa aka dasa ragowar a cikin tsokar dabba, sabon ƙashi yana tsirowa a wurin, kuma daga wannan bincike ne aka gano dangin furotin da ake kira BMP. Wanda ya fi kowanne muhimmanci ga guringuntsi shi ne TGF-beta, domin a 1998 Brian Johnstone da abokan aikinsa sun nuna cewa ƙwayoyin tushe na ɓargo, waɗanda ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba, idan aka dunƙule su aka ba su wannan sinadari sai su fara ƙera kolajin nau'i na biyu da agirekan. Akwai kuma IGF-1, wanda ke ƙarfafa kondirosait su ci gaba da ƙera agirekan, da FGF-18, wanda ke sa su hayayyafa.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya hana a zuƙi waɗannan sinadarai a sirinji a tsira wa mai ciwo a gwiwa, tunda an san su kuma ana iya ƙera su a masana'anta. An gwada, kuma abin da ya biyo baya shi ne ginshiƙin wannan babi. TGF-beta da ke a farke ba ya wuce 'yan mintoci a cikin jini kafin jiki ya kawar da shi, a cikin gaɓa ma furotin da aka zuba a ruwanta yakan tsiyaye ta magudanan da ke jikin tantanin gaɓar cikin sa'o'i, alhali ƙwayar tushe tana buƙatar makonni tana jin umarnin kafin ta kammala rikiɗa. Ɗan abin da ya rage kuma ba ya ratsa guringuntsin da sauƙi, saboda saƙarsa a matse take ƙwarai. Idan aka ce a ƙara yawan maganin domin a cike wannan asara, sai a faɗa wata matsalar da ta fi ta farko muni, domin tantanin da ke kewaye da gaɓa shi ma yana jin umarnin, kuma ya fi guringuntsi saurin amsawa. Masu bincike a Jami'ar Naimegen ta ƙasar Holan sun nuna a shekarun 1990 cewa maimaita allurar TGF-beta a gwiwar ɓera yana sa tantanin gaɓar ya yi kauri ya taurare, yana kuma haifar da tsiron ƙashi a gefen gaɓar, wato alamomin cutar da ake neman magancewa.

Darasi mafi tsada ya zo ne daga tiyatar ƙashin baya. A 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Infuse, wanda BMP-2 ne da ake jiƙa soson kolajin da shi a dasa domin haɗe ƙasusuwan gadon baya. Soson ba ya riƙe furotin ɗin sosai, saboda haka ake zuba shi da yawan da ya zarce abin da jiki ya saba gani nesa ba kusa ba, kuma a 2008 hukumar ta fitar da gargaɗi bayan rahotannin kumburin wuya da maƙogwaro mai toshe numfashi a wurin waɗanda aka yi wa amfani da shi a ƙasusuwan wuya, wurin da ba a amince da shi ba tun farko. An kuma sami rahotannin ƙashi da ya tsiro inda ba a nufa ba. Ba a taɓa shakkar ƙarfin sinadarin ba. Abin da ya gaza shi ne mazubin da aka ɗora shi a kai, kuma tun daga lokacin duk mai neman kai sinadarin girma cikin gaɓa ya san cewa adadi da wuri da tsawon lokaci su ne ke bambanta magani da cuta.

A nan ne haidrojel yake shigowa a matsayin mazubi. Haidrojel saƙa ce ta dogayen sinadarai masu son ruwa da aka ɗaure su da juna a wurare da dama, ta yadda za su sha ruwan da ya kai kashi 90 cikin ɗari na nauyinsu ko fiye ba tare da sun narke ba. Duk wanda ya taɓa ganin romon ƙafar saniya da ya kwana ya daskare ya riga ya ga haidrojel, domin kolajin da ya dahu ya zama jelatin shi ne ya kama ruwan ya tsayar da shi, kuma wannan jelatin ɗin, bayan an tace shi an yi masa gyara, yana cikin kayan da ake aiki da su a ɗakunan gwaji a yau. Na farko da aka ƙera domin jikin mutum shi ne wanda Otto Wichterle da Drahoslav Lím suka bayyana a 1960 daga birnin Firag, wanda daga baya ya zama gilashin ido mai laushi da ake mannawa a ƙwayar ido. Kayan da ake amfani da su wajen guringuntsi sun haɗa da aljinet da ake samu daga ciyawar teku, da kitosan daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, da fibirin wanda shi ne ke daskarar da jini, da hayaluronik asid wanda dama yana cikin ruwan gaɓa, sai kuma na roba irin su PEG, waɗanda ba su da wata ma'ana ga ƙwayoyin jiki amma masani yana iya tsara su yadda ya ga dama. Yawancinsu ana iya zuba su a ramin guringuntsi suna ruwa-ruwa, su bi siffarsa komai karkacewarta, sannan su daskare a wurin da zafin jiki ko da hasken fitila ko da gishirin kalsiyam.

Hanya mafi sauƙi ita ce a gauraya sinadarin girma da ruwan jel kafin ya daskare, kuma ita ce mafi rauni, saboda ramukan saƙar sun fi furotin ɗin girma, sai mafi yawansa ya fice a rana ɗaya ko biyu na farko, a koma matsalar allura. Daga nan masu bincike suka koma kallon yadda jiki da kansa yake ajiye waɗannan sinadarai, sai suka tarar ba ya barin su suna yawo: TGF-beta yana zaune a cikin guringuntsi a naɗe cikin wani furotin da ke hana shi aiki har sai an kwance shi, wani sinadarin girma mai suna FGF-2 kuwa yana maƙale da wasu sinadarai masu ɗauke da salfet a kewayen kondirosait, sai rauni ko matsi ya sake shi. Kwaikwayon wannan tsari ya haifar da jel da ake saƙa wa hefarin, wanda shi ma sinadari ne mai ɗauke da salfet, ko aljinet da aka liƙa wa salfet kamar yadda ƙungiyar Smadar Cohen ta Jami'ar Ben-Gurion ta yi, inda furotin ke kama saƙar ya saki, ya sake kamawa, ta yadda fitarsa za ta ɗauki makonni. Wasu kuma, kamar ƙungiyar Antonios Mikos a Jami'ar Rice ta Hiyuston, sun zuba sinadaran a cikin ƙananan ƙwallayen jelatin suka binne ƙwallayen a cikin jel, abin da ya ba su damar sakin TGF-beta da wuri domin ya rikiɗar da ƙwayoyin tushe, IGF-1 kuma ya biyo baya a hankali domin ya riƙe su a kan aiki. Dabarar da ta fi burgewa ita ce wadda Matthias Lutolf da Jeffrey Hubbell suka bayyana a 2003 daga Zurik, inda aka ɗaure saƙar PEG da gajerun igiyoyin furotin da ƙwayoyin halitta kaɗai ke iya yankewa, saboda haka jel ɗin ba ya buɗewa sai inda ƙwaya ta iso tana neman hanya, kuma a nan ne kawai yake sakin abin da ke cikinsa.

Gwaje-gwaje uku a kan dabbobi sun isa su nuna inda fagen ya kai. A 2010 ƙungiyar Jeremy Mao a Jami'ar Kolombiya ta Niyok ta cire kan ƙashin kafaɗar zomaye gaba ɗaya, ta maye gurbinsa da wani ƙashin roba mai ƙofofi da aka cika da jel na kolajin mai ɗauke da TGF-beta 3, ba tare da an dasa ƙwayar halitta ko ɗaya ba. Cikin wata huɗu guringuntsi ya lulluɓe fuskar gaɓar, zomayen kuma suka koma taka ƙafar, wanda ke nufin sinadarin ya kirawo ƙwayoyin jikin dabbar da kansu. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar Samuel Stupp a Jami'ar Northwestern ta gwada wani jel da aka yi da ƙananan zaruruwa masu ɗauke da maƙalar da ke cafke TGF-beta, a gwiwar zomayen da aka yi wa hujin ƙashi, kuma abin lura shi ne gyaran ya inganta ko da ba a ƙara wani sinadari daga waje ba, domin zaruruwan sun tara wanda ya fito daga ɓargon dabbar suka riƙe shi a wurin. A 2024 ƙungiyar ta maimaita irin wannan aiki a gwiwar tumaki, bayan ta haɗa zaruruwan da hayaluronik asid, ta kuma ba da rahoton sabon guringuntsi mai kolajin nau'i na biyu bayan wata shida.

Na ukun ya taɓo wata tsohuwar damuwa. A jikin ɗan tayi yawancin ƙasusuwa suna farawa ne a matsayin guringuntsi, sannan ƙwayoyinsa su kumbura, su fitar da sinadarin VEGF mai kiran jijiyoyin jini, jini ya shigo, wurin ya zama ƙashi. Ƙwayoyin tushe na ɓargo suna da halin bin wannan hanya har ƙarshenta ko da guringuntsi kawai ake so daga gare su. A 2020 Matthew Murphy da Charles Chan da Michael Longaker na Jami'ar Stanford suka yi amfani da wannan hali maimakon su yaƙe shi: bayan hujin ƙashi a gwiwar ɓeraye, sai suka sa jel mai ɗauke da BMP-2 domin ya tura ƙwayoyin kan hanyar zama ƙashi, tare da wani furotin mai kama VEGF domin ya hana jini shigowa, sai tafiyar ta tsaya a zangon guringuntsi. Wannan aiki ya nuna cewa wani lokaci hana umarni ɗaya isa yana da muhimmanci daidai da isar da wani, kuma babu yadda za a yi a riƙe sinadarai biyu masu saɓanin aiki a cikin rami ɗaya na tsawon makonni in ba da mazubi irin wannan ba.

Sai dai jel ɗin da ya fi dacewa da ƙwayoyin halitta da sakin furotin shi ne mai laushi, mai yalwar ruwa da faɗin ramuka, kuma irin wannan ya fi guringuntsi rauni sau goma ko fiye, ba zai jure nauyin baligi mai hawa matakala ba. Idan aka ƙara ɗaure saƙar domin ta yi ƙarfi sai ƙwayoyin su rasa wurin motsi da wurin zuba abin da suke ƙerawa. Jian Ping Gong ta Jami'ar Hokkaido a Japan ta nuna tun 2003 cewa saƙa biyu a cikin juna, ɗaya mai tauri ɗaya mai talewa, suna ba da jel mai ƙarfin gaske, kuma a 2020 masu bincike a Jami'ar Duke sun ƙera wanda ya kai guringuntsi juriya, amma waɗannan an yi su ne domin su maye gurbin guringuntsi, ba domin su narke su bar wa sabo wuri ba. Ga kuma matsalar mannewa, domin fuskar guringuntsi an halicce ta ne don kada komai ya kama ta, kuma ko sabon naman ya yi kyau, iyakar da ke tsakaninsa da tsohon takan zama inda tsagewa ke farawa.

Abin da ya isa jikin mutane zuwa yanzu mafi yawansa jel ne da ba a ɗora masa sinadarin girma ba. BST-CarGel, wanda aka ƙirƙiro a Montiriyal ta Kanada, kitosan ne da ake gaurayawa da jinin majinyaci a zuba a kan hujin ƙashi domin gudan jinin ya zauna daram, kuma a gwajin da aka wallafa a 2013 a kan mutum 80 ya cika rami fiye da huji kaɗai, naman ma ya fi kyau a hoton MRI, amma sauƙin ciwon da ɓangarorin biyu suka samu bai bambanta ba. A wannan shekarar ƙungiyar Jennifer Elisseeff ta Jami'ar Johns Hopkins ta ba da rahoton jel na PEG mai daskarewa da haske da aka sa wa majinyata 15, tare da wani manne da aka yi da sinadarin guringuntsi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai sinadarin girma da aka gwada ba tare da jel ba: sifirifamin, wato FGF-18 na masana'anta, wanda aka yi wa mutum 549 gwajinsa ta allurar gwiwa, aka kuma wallafa a 2019 cewa mafi girman adadinsa ya ƙara kaurin guringuntsi da milimita 0.05 bisa na waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a cikinta bayan shekara biyu, ba tare da wani bambanci na a-zo-a-gani a ciwo ba. Sakamakon BST-CarGel da na sifirifamin suna tuna wa masu bincike abin da sukan so su manta, cewa guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi, ciwon gwiwa daga ƙashi da tantanin gaɓa yake tasowa, saboda haka kyan hoto ba shi ne lafiyar majinyaci ba.

Dalilan da suka sa haɗin jel da sinadarin girma ya daɗe a matakin dabbobi ba na ilimi kaɗai ba ne. Hukumomi suna ɗaukar irin wannan haɗi a matsayin na'ura da magani a lokaci guda, wanda ke ninka gwaje-gwajen da ake buƙata. Furotin yana lalacewa da zafi da hasken da ake kashe ƙwayoyin cuta da su, yana kuma buƙatar sanyi daga masana'anta har ɗakin tiyata. Dabbobin gwajin ma suna da nasu ruɗin, domin guringuntsin gwiwar zomo bai kai rabin milimita ba, kuma ƙaramin zomo yakan warke da kansa fiye da mutum, shi ya sa ake ganin sakamakon tumaki da awaki da dawakai ya fi nauyi, doki musamman saboda kaurin guringuntsinsa ya kusa na ɗan'adam. Sannan yawancin gwaje-gwajen ana yin su ne a kan rami guda mai tsaftataccen gefe a cikin gaɓa lafiyayya, irin raunin matashin ɗan ƙwallo, alhali dattijon da gwiwarsa ta zaizaye yana da kumburi mai narkar da jel da furotin tare, da ƙafar da ta karkace tana jibga nauyi a gefe ɗaya, da ƙwayoyin da amsarsu ga TGF-beta da IGF-1 ta sauya saboda shekaru. Saboda haka masu rami guda ne ake sa ran za su fara cin moriyar wannan fasaha, kuma daga cikin hanyoyin da aka bayyana, wadda ke tara sinadarin da jikin majinyaci ya fitar da kansa tana da alamar riga sauran isa asibiti, tunda ba ta ɗauke da furotin na masana'anta da za a yi ta muhawara a kan adadinsa.